Madubin tagulla na Sinawan da: ƙira ce ko tsafi?

Alhaji Sani Kwari: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah masana tarihi a duba min hoton nan. A Gwanzu ne, wani layi da ake saida tsofaffin kaya, wani dattijo ya miƙo min abin nan yace wai madubi ne na zamanin sarakunansu ya haura shekara dubu. Zagayayye ne bai wuce faɗin hannu ba amma ga nauyi, bayansa an fitar da zakoki suna zagaye da wani ƙulli a tsakiya ga ganye da 'ya'yan inabi ko'ina, gaban kuma sumul ne ya yi baƙi-baƙi kore-kore. Na juya shi na juya banga gilashi ba banga gurbin da gilashi ya taɓa zama ba. To ta ina ya zama madubi?

Bashir Xi'an: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai babu gilashi a cikinsa tun asali. Gefen nan sumul da kace ya yi baƙi shi ne fuskar madubin, ƙarfen kansa ake gogewa har ya riƙa ɗaukar ido mutum ya ga fuskarsa. Tsufa da zama cikin ƙasa ne ke rufe shi da tsatsa. Ƙullin tsakiya kuma in ka duba yana da huda, nan ake zura igiya ko ƙyallen siliki a riƙe a hannu ko a rataya a kan maɗauki. Zanen zaki da inabin nan na daular Tang ne, 618 zuwa 907, gidan tarihin nan Xi'an suna da su da yawa domin nan ce hedikwatar daular.

Baba Idi Maƙeri Jos: Yaro tsaya. Ni a maƙera aka haife ni kuma maƙeran fari ne mu, tagulla ja ce ko ruwan ɗorawa, ko ka kwana kana goga fuskarka zata fito ne ja-ja a dishe. Wace macen sarki ce zata yi kwalliya da wannan?

Bashir Xi'an: Gaskiyarka Baba in irin tagullar da ake munduwa da ita ce. Amma su haɗinsu daban ne. Madubin zamanin daular Han da ta Tang da aka auna, jan ƙarfe yana kai wajen kashi 70 cikin 100, kuza wajen kashi 24 ko 25, sauran kuma dalma ce 'yar kaɗan. In kuza ta yi yawa haka launin ƙarfen juyewa yake ya koma fari kamar azurfa.

Baba Idi Maƙeri Jos: Kashi 25 na kuza?? To wannan ai baya ɗaukar guduma, kana sara shi zai tarwatse. Mu nan Jos kuza a ƙofar gidanmu take mun san halinta, kaɗan tana ƙara wa jan ƙarfe ƙarfi, in ta yi yawa sai ya yi tauri ya rasa danƙo. Sai dai in zuba shi suke ba ƙira da masaba ba.

Bashir Xi'an: Zubi ne Baba, ka gano shi. Mazubi suke yi na yumɓu ɓari biyu, ɗaya sumul ɗaya an sassaƙa zanen a juye, a gasa shi a haɗe a zuba narkakken ƙarfen. A Linzi can lardin Shandong an haƙo gutsattsarin mazuban nan na zamanin Han da yawa har da wuraren da maƙeran suka zauna. Dalmar da suke sawa ita ke sa ruwan ƙarfen ya gudana ya shiga kowane lungu na zanen, shi yasa zaka ga gashin wuyan zaki ɗaiɗai ya fito. Kuma maganarka ta fashewa haka take, da yawa a fashe ake haƙo su.

Baba Idi Maƙeri Jos: Yanzu naji magana. Amma fa jama'a kar ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Faifan ƙarfe siriri mai faɗi shi ne mafi wuyar zubi, in mazubin yana da sauran laima ko kaɗan ƙarfen zai yi kumfa ya bar ramuka, in wuta bata kai ba ya daskare kafin ya isa baki, in ya huce da sauri ya tsage. Kuma a munduwa in rami ya fito zaka iya cikewa ka rufe da ado, a fuskar madubi ina zaka ɓoye shi? Duk wanda ya fitar da wannan babu aibi wlh gwani ne na gaske, na sara masa ko a kabari yake.

Maman Ihsan: Ni tambayata in ya dishe fa? Tunda ƙarfe ne ai dole damina ta taɓa shi.

Malam Habu Tarihi: Hajiya sana'a ce guda a wurinsu. Akwai masu goge madubi da ke yawo unguwa-unguwa da dutsen washi da garin magani, mata su fito da nasu a gyara. Garin haɗin kuza ne da zaiba, a shafa a murza da ƙyallen gashi mai laushi har fari ya fito. Tun ƙarni na 2 kafin Miladiyya rubuce-rubucensu sun kawo bayanin haka, cewa sabon madubi daga mazubi duhu ne sai an shafa masa wannan garin sannan zaka ƙirga gashin gira a ciki.

Musa Damagaram: Zaiba ko? Allah sarki masu wannan sana'a, kenan a hankali guba ke cin su. To Malam su Sinawan ne suka fara madubi a duniya? Domin yanzu komai aka taɓo sai ace Caina ce ta fara.

Malam Habu Tarihi: A'a Musa, wannan kam ba su ba ne. Misirawa da mutanen Iraƙi ta da sun riga su yin madubin jan ƙarfe da nisa. Mafi tsufan da aka samu a ƙasar Sin na wajen shekara 2000 kafin Miladiyya ne, na mutanen da ake kira al'adar Qijia can arewa maso yamma, akwai wani ƙarami da aka haƙo a lardin Qinghai faɗinsa wajen santimita 9 da zanen tauraro mai tsini bakwai a baya. Kuma ya daɗe bai karɓu ba a tsakiyar ƙasar, manyansu tasa ake cika musu da ruwa su leƙa. Ku duba kabarin Fu Hao a Anyang da aka buɗe a 1976, matar sarki Wu Ding ce ta daular Shang wajen 1200 kafin Miladiyya, mace ce da ta ja runduna zuwa yaƙi, ɓarayi basu taɓa kabarinta ba. An samu kayan tagulla da nauyinsu ya haura tan ɗaya da rabi, an samu wuri kusan 7,000, eh wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, amma madubi guda 4 ne kacal kuma zanensu bai yi kama da na sauran kayan ba, shi yasa masana da yawa ke ganin daga wajen makiyayan arewa suka shigo mata. Sai zamanin da ƙasashensu ke yaƙar juna, 475 zuwa 221 kafin Miladiyya, sannan madubi ya yawaita, musamman a ƙasar Chu wajen Changsha.

Musa Damagaram: To madalla. Kenan karɓa suka yi suka gyara.

Bashir Xi'an: Suka gyara har ya zama nasu Yaya Musa. Na Masar mariƙi gare shi, na Sin kuma shekara fiye da dubu zagayayye ne da ƙulli a baya, sai can baya mai mariƙi ya yawaita.

Maman Ihsan: Na shiga intanet na ga wasu da rubutu zagaye da bakinsu. Me suke rubutawa? Sunan mai shi ne?

Malam Habu Tarihi: Nan ne ni abin yafi taɓa ni Hajiya. A daular Han, 202 kafin Miladiyya zuwa 220 bayan Miladiyya, madubi ya sauko daga fada ya shiga gidajen ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma abin da suke sawa a rubuta fata ne na alheri. Wani yace a samu 'ya'ya da jikoki, wani a samu ƙarin girma a wurin aiki, wani iyaye biyu su yi tsawon rai, wani ace maƙiya sun watse ruwan sama ya sauka kan lokaci hatsi ya nuna. Akwai gajere da ya yawaita sosai mai cewa a daɗe ana tunawa da juna kar a manta da juna, irin wanda miji zai bar wa matarsa in an tura shi tsaron iyaka ko ita ta bashi. Kamar dai rubutun da direbobinmu ke sawa a bayan manyan motoci, abin da ke ran mutum ne yake so ya riƙa gani kullum. Akwai kuma na talla, maƙerar fada da ake kira Shangfang tana rubuta cewa ita ta yi madubin nan da gwaninta, a kansa akwai waɗanda basu san tsufa ba, in sun ji ƙishi su sha daga maɓuɓɓuga mai daraja in sun ji yunwa su ci magarya. Da sunan ya yi kasuwa sai maƙeran gari ma suka riƙa sa shi a nasu.

Maman Ihsan: Allahu akbar. Shekara dubu biyu amma damuwar ɗan adam ɗaya ce, haihuwa, lafiyar iyaye, damina mai albarka, kar miji ya tafi ya manta da ke. Wlh sai naji kamar na san matan nan.

Ustaz Nura: Jama'a ina bin ku tun ɗazu amma bari in faɗi abin da ba'a faɗa ba. Abubuwan nan ba kayan kwalliya ne kawai ba, kayan tsafi ne. Da su ake binne matattu a ɗora a ƙirji ko kusa da kai wai su haska musu hanya, ana rataya su wai suna korar aljanu. Kuma ni da idona naga bidiyo an haska fuskar madubin da rana sai zanen da ke BAYANSA ya fito a jikin bango alhali ƙarfe ne ba huda. In ba sihiri ba menene wannan? Kar sha'awar tarihi ta sa mu riƙa yabon shirka.

Malam Habu Tarihi: Allah ya gafarta Malam, rabin maganarka babu mai musu. Sun yi imani da hakan. Wani malaminsu na addinin Dao mai suna Ge Hong a ƙarni na 4 ya rubuta cewa mai shiga duwatsu ya rataya madubi a bayansa domin duk aljanin da ya rikiɗa ya zo a siffar mutum madubin zai nuna ainihinsa. Kuma zanen kansa aƙida ce, akwai wanda Turawa ke kira TLV saboda alamomin da ke ciki sun yi kama da waɗannan haruffan, ya yi tashe wajen zamanin sarki Wang Mang, shekara ta 9 zuwa 23 bayan Miladiyya. Murabba'i a tsakiya shi ne ƙasa, da'irar waje sama, sai dabbobi huɗu masu tsaron kusurwoyi, dodon nan nasu mai jikin maciji a gabas, farar damisa a yamma, jan tsuntsu a kudu, kunkuru da maciji ya nannaɗe shi a arewa. Mutum ya riƙe duniya kenan a hannunsa yadda suka fahimce ta. Amma sanin abin da mutane suka yi imani da shi daban, yarda da shi daban. Ba wanda yace a rataya a ɗaki don neman tsari.

Ustaz Nura: Na ji wannan. Hoton bangon fa?

Bashir Xi'an: Ustaz wannan ɗin lissafi ne da aikin hannu, bari in yi bayani a hankali. Bayan madubin ai ba kauri ɗaya ba ne, inda zane ya taso ya fi kauri inda babu zane siriri ne. Lokacin da ƙarfen ke hucewa siririn wuri yana riga mai kauri daskarewa sai ƙarfen ya riƙe wani ɗauri a cikinsa, sannan mai gogewa ya zo yana kankare fuskar yana dannawa har madubin ya yi siriri sosai, wurin da ba kauri sai ya ɗan taso fiye da wurin da ke da kauri. Tudu da kwarin nan ƙanana ne ƙwarai ido baya gani, in ka duba fuskarka lafiya lau zaka ganta, amma in hasken rana ya daka ya koma bango mai nisa sai wani wurin ya tara haske wani ya watsa shi, shi ne zanen ke fitowa. Haske baya ratsa ƙarfen ko kaɗan. Kuma ba Bature ne ya fara cewa ba sihiri ba ne, wani masaninsu Shen Kuo tun wajen 1088 ya rubuta cewa bambancin hucewar mai kauri da siriri ne sanadi. Shi ne ma ya lura cewa maƙeran da suna ɗan tasa tsakiyar ƙaramin madubi don fuska ta fito gaba ɗaya. Gidan tarihin Shangai suna da ɗaya na zamanin Han mai yin haka, a shekarun 1970 masana jami'o'in garin suka zuba sabo irinsa ya yi aiki. Yanzu ma ana yinsu ana saidawa masu yawon buɗe ido.

Baba Idi Maƙeri Jos: Ustaz ka yarda da yaron nan. Duk wanda ya taɓa goge faranti mai ado a baya ya san in ka matsa hannu inuwar adon tana ɗan nunawa ta gaba in ka karkata shi a rana. Mu aibi muke ɗaukarsa, su suka bi shi har suka maida shi gwaninta.

Ustaz Nura: To in ana iya sake yinsa a gaban kowa babu surkulle, na karɓa, hikima ce da Allah ya ba bayinsa. Amma ina nan kan bakana a wuri ɗaya, tone kaburbura. Duk abin da kuke lissafawa daga kabari aka ciro. Mamaci ko ba Musulmi ba ne ɗan adam ne, yana da alfarma.

Musa Damagaram: Nan kam ina bayan Ustaz. Mu a Nijar mun ga abin da aka yi wa maƙabartun Bura, da Turawa suka fara sayen tukwane da mutum-mutumin yumɓun nan sai mutane suka bi filayen da diga suka farfashe komai, abin da ya fita ya fita babu wanda zai ƙara sanin wa aka binne ko yaushe. Haka aka yi wa Nok a wajenku.

Bashir Xi'an: Yaya Musa ai abin da ka kawo shi ke raba tona biyu. Akwai ta ɓarawo akwai ta ceto. Yawancin aikin da masana ke yi a nan ko dai ana gina hanya ko gidaje aka ci karo da kabari, ko ɓarayi sun riga sun huda. Kabarin Liu He a Nanchang, wanda ya yi sarautar kwana 27 aka tuɓe shi a shekara ta 74 kafin Miladiyya, a 2011 mutanen ƙauye ne suka kai rahoton ramin ɓarayi sannan hukuma ta shiga. A ciki aka samu babban madubi mai kusurwa huɗu a cikin gidansa na katako da zanen babban malaminsu Confucius da almajiransa, shi ne hotonsa mafi tsufa da aka sani. Da ɓarayin sun riga, ƙarfen zasu ɗauka su tattake katakon. Kuma tun da suka buɗe kabarin wani sarkin Ming kusa da Bejin a ƙarshen shekarun 1950 siliki da kaya suka lalace a hannunsu, suka daina buɗe na sarakuna da gangan, har yau tudun kabarin sarkin farko Qin Shi Huang nan kusa da mu a rufe yake.

Ustaz Nura: Ceto na fahimta. Amma a maida ƙasusuwan mutane a rufe da mutunci, kar a sa su a gilashi ana kallo. Wannan ba zan canza ba.

Malam Habu Tarihi: A kan ƙasusuwa ni ma ra'ayina kenan Malam.

Alhaji Sani Kwari: To ni yanzu na saya ko kar na saya? Mutumin ya bani lambarsa.

Bashir Xi'an: Alhaji dan girman Allah kar ka saya da sunan tsohon kaya. In na jabu ne, kuma mafi yawan na kasuwa haka suke, ana zuba su jiya a jiƙa da sinadari a binne su fito da koren tsatsa, kuɗinka sun tafi. In kuma na gaske ne to ya fi muni, dokar Sin ta hana fita da duk kayan tarihin da aka yi kafin 1911, a filin jirgi za'a riƙe ka kuma kusan tabbas daga kabarin da aka sata ya fito. In zanen ne ya burge ka shagunan gidajen tarihi suna saida sabbin kwafi da rasit.

Alhaji Sani Kwari: Shikenan na haƙura, Allah ya saka da alheri.

Maman Ihsan: Malam Habu wata ƙawata da ta yi karatu a can tace in ma'aurata suka rabu suka dawo Sinawa cewa suke fasasshen madubi ya haɗe. Yana da labari ne?

Malam Habu Tarihi: Yana da shi Hajiya, marubutan zamanin Tang ne suka kawo shi. Lokacin da daular Chen ta kudu zata faɗi a hannun daular Sui ta arewa a 589, wani ma'aikacin fada Xu Deyan yana auren 'yar'uwar sarki gimbiya Lechang. Ya san in gari ya ci wuta za'a kwashe matan gidan sarauta a raba wa manyan mayaƙa, sai ya fasa madubi biyu ya bata rabi yace duk ranar 15 ga watan farko ta sa a kai nata kasuwar babban birni a sa masa kuɗi, in yana raye zai zo nema. Haka kuwa aka yi, ta faɗa gidan babban kwamanda Yang Su. Shi kuma ya sha wahala ya iso birnin a ranar, ya tarar da wani tsohon bawa yana tallan rabin madubi da tsadar da mutane ke masa dariya, ya fito da nasa suka haɗu daidai. Ya rubuta baitoci ya aika mata cewa madubi ya dawo mai shi bata dawo ba, ta daina cin abinci tana kuka, da Yang Su ya ji dalili sai ya kira mijin ya maida masa matarsa. Ko an ƙara gishiri a labarin, al'adar kam ta riga shi, domin an haƙo kaburburan mata da miji da rabin madubi a wajen kowa.

Maman Ihsan: Kai wannan ya sa ni hawaye. Kuma ku lura maganar Baba Idi ce ta dawo, da ƙarfen mai lanƙwasa ne ai ba zai rabu biyu a haɗa ya zauna daidai ba.

Musa Damagaram: Inabi da zaki kuma fa na hoton? Na ɗauka babu zaki a Caina.

Malam Habu Tarihi: Babu, dukkansu baƙi ne. Inabin da ake nomawa ta hanyar yamma ya shigo bayan tafiyar jakada Zhang Qian da ya tashi wajen 138 kafin Miladiyya, zaki kuma kyauta ake kawo wa sarakuna daga wajen Farisa da tsakiyar Asiya. Zamanin Tang birnin Chang'an, wato Xi'an ta yanzu, cike yake da fatake Farisawa da Sogdiyawan tsakiyar Asiya da Larabawa, shi yasa adon ya canza, aka fara madubi mai siffar fure mai kunne takwas, wani a lulluɓe bayansa da zinariya ko azurfa, wani a jera masa ɓawon katantanwar teku mai sheƙi. Har sarki Xuanzong ya maida ranar haihuwarsa biki a 729 ana musayar madubai tsakaninsa da fadawa. Kuma kafin shi sarki Taizong da wazirinsa Wei Zheng mai faɗa masa gaskiya ya rasu a 643, cewa ya yi da madubin tagulla mutum ke gyara tufafinsa, da tarihi yake gane tashi da faɗuwar dauloli, da mutum yake gane daidai da kuskurensa, yau ya rasa madubi ɗaya.

Bashir Xi'an: Ustaz ga wanda zai maka daɗi, ba daga kabari ba. A 1998 masunta suka gano wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da tsibirin Belitung a Indunusiya wajen shekarar 830, ƙirar Larabawa ne wanda ake ɗinke katakonsa da igiya babu ƙusa, zamanin Abbasiyawa kenan. Ya ɗauko tangaran wajen 60,000 da madubin tagulla 29. Ɗaya a ciki an rubuta a jikinsa cewa a Yangzhou aka zuba shi a tsakiyar kogin Yangtze wajen 759, irin wanda littattafai suka daɗe suna ambata ana yi wa sarki a cikin jirgi a tsakiyar ruwa. Kayan suna Singafo yanzu. Kuma daga baya a Iran da Anadolu, wato Turkiyya ta yanzu, ƙarni na 12 da 13 maƙeran Musulmi sun riƙa zuba madubi zagayayye mai ƙulli a tsakiya irin na Sin, sai dai rubutun bakin da Larabci ne, fatan albarka da ɗaukaka ga mai shi.

Ustaz Nura: Masha Allah, wannan ya ƙaru da ni. Kenan fataken Musulmi sun san kayan nan tun ƙarni na uku bayan Hijira.

Musa Damagaram: Japan fa? Naga su ma suna da shi.

Malam Habu Tarihi: Su ma ta Sin da Koriya ya je musu kuma sun fi kowa girmama shi, madubi yana cikin kayan sarautarsu guda uku. Tarihin Sin ya rubuta cewa wajen 239 sarkin daular Wei ta Sin ya aika wa sarauniya Himiko ta Japan madubai 100. Rigimar da ake yi har yau ita ce akwai wani samfuri mai baki mai kusurwa uku da aka haƙo fiye da 500 a Japan, a kabari ɗaya ma a Nara an samu 33, wasu masana sunce su ne kyautar wasu sunce a Japan aka zuba su tunda ba'a haƙo irinsu daga kaburburan Sin ba.

Baba Idi Maƙeri Jos: To me ya kashe sana'ar? Gilashi?

Malam Habu Tarihi: Gilashi ne ya ƙarasa ta Baba a ƙarni na 18 zuwa 19, amma ta fara rauni tun daular Song, 960 zuwa 1279. Gwamnati na buƙatar jan ƙarfe don buga kuɗi sai ta matsa, maƙera suka rage kuza suka ƙara dalma, madubi ya yi siriri adon ya ragu, da yawa ma babu zane sai tambarin shago, na gidan Shi a garin Huzhou sun fi suna har suna rubuta cewa nasu ne na ainihi saboda masu kwaikwayo. A arewa ƙarƙashin daular Jin sai jami'i ya karta shaidar dubawa a bakin madubi kafin a saida.

Baba Idi Maƙeri Jos: Ni dai hannuna ƙaiƙayi yake. Bashir in na samu tsohuwar wayar wuta ta jan ƙarfe mai kyau da kuza tsantsa, ƙarami zan fara kamar santimita 8 babu ado tukuna. Wanne zan fara narkawa, kuma dole sai da zaibar?

Bashir Xi'an: Jan ƙarfen zaka fara Baba tunda shi ke son wuta sosai, sama da digiri 1,080, in ya narke ka rufe samansa da garin gawayi sannan ka jefa kuzar daga ƙarshe ka juya ka zuba nan take kar ta ƙone. Uku na jan ƙarfe ɗaya na kuza a ma'auni. Zaiba kam kar ka kusance ta, dalmar ma ka barta tunda babu zane, akwai yara a gida. Takardar yashi daga mai kaushi zuwa mai laushi da ruwa, sannan man goge ƙarfe da ƙyalle, zai yi.

Baba Idi Maƙeri Jos: Mazubin kuma zan haɗa yumɓun da garin gawayi da ɗan kashin jaki yadda muke yi don ya yi numfashi, in gasa shi in zuba tun yana da zafi. Abin da nake tsoro wajen yanke bakin da ƙarfen ya shiga ne, nan zai iya tsagewa.

Bashir Xi'an: Ka siranta mashigar tun a mazubi kuma kar ka sare ta, da zarto zaka bi ta a hankali bayan ya huce da kansa a cikin yumɓun.

Maman Ihsan: Baba in ya fito a turo mana hoto dan Allah, gaba da baya. In ya yi kyau ina son guda biyu na saka a kayan ɗakin ƙanwata, a rubuta mata addu'a da ajami a bakin.

Baba Idi Maƙeri Jos: Rubutu sai an juya shi a mazubi Hajiya, sai na nemi wani alaramma ya zana min a takarda in manna in bi. Bari dai na farkon ya fito lafiya tukuna, ranar Asabar zan shiga kasuwa neman kuzar in sha Allah.